Madarar da Ake Ajiye wa Inna

Daudawa, 4 ga Oktoba, 2021

Yaya Jabiru,

Assalamu alaikum. "Hafiza, kashe abin nan, kukan sauro yake yi." Inna ce, tana tsaye a kaina yanzu haka. Ta ce in gaishe ka, da Anti Suwaibatu da yara. Ni ma na gaishe ku. Tunda an rufe layukan waya na koma rubuta wasiƙa kamar 'yar firamare, Gide direba shi ne gidan wayarmu.

Abin da take so in kashe ɗan maburgi ne mai batir da na saya a Zariya. Ana tsoma shi a madara ta yi kumfa, a zuba a kan gahawa ko shayi. Shekara biyar ina karatun kimiyyar abinci, ga abin da na tsira da shi.

Kwanana uku da zuwa daga Sabuwa, aikin da ka turo ni bai motsa ba. Ko zane ɗaya Inna ba ta ninke ba. Na ce ɗaki yana jiranta a gidanka na Kankara, ta ce ya yi ta jira, ɗaki ba ya gajiya.

Ranar farko na dama madarar gari na burga, kumfar ta kwanta kafin in nemo cokali. Inna ta dube ta irin duban da take yi wa tuwon surukanta. Washegari sai ta ajiye mini ƙwarya rufe da faifai. Madarar shanu ce, Yaya, da ɗuminta, da kumfar tatsa a kai. Na tafasa, ta ɗan huce, na burga. Kumfa ta tsaya kamar kaɗa a gona.

Sai da na shanye na tuna babu saniya a unguwar nan tun bara, da mutanen daji suka kora shanun Baba suka tafi da shi. Matan ruga kuma sun daina shigowa. Na tambayi Inna daga ina. Ta ce, "Ana kawowa." Na ce wa? Ta ce, "Mai kawowa."

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka, Hafiza

Kankara, 7 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Hafiza,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, amin.

Na karanta takardarki sau biyu, ban yi dariya ba. Ki daina shan madarar nan. Ban aike ki koyon girki ba.

Idan Inna tana raya wa kanta cewa Baba ne, ki lallashe ta. Ke kina makaranta lokacin, amma ni na karɓo gawarsa a bakin daji, ni na yi masa wanka. Allah ya jiƙansa. Mamaci ba ya tatsa. Mai tatsa shi ne wanda shanun ke hannunsa, kin kuma san ko su wa ke nan.

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Malam Nata'ala ya zo mini daga Faskari da cewa 'yan sa-kai sun fara tambayar me ya sa mutanen daji suke shiga ko'ina a garin ban da layin Inna. Kin san ba sa tambaya sau biyu. Gide zai zo Juma'a ta sama, ya ce daga ita ba zai ƙara bin hanyar ba. Ki fito da Inna ko da kuka.

Wassalam.
Yayanki, Jabiru Mani

Daudawa, 11 ga Oktoba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Na daina sha, sai ka kwantar da hankalinka. Inna tana sha, ta ma koyi danna sauron da kanta.

Na yi abin da na iya, wato na riƙe agogo. Kumfar tatsa ba ta daɗewa, tana kwanciya tun madara ba ta huce ba. Ta ƙwaryar Inna takan kai minti ashirin a hannunmu kafin ta lafa. Ke nan saniyar ba ta daji, tana nan kusa, inda ya kamata mu ji kukanta. Na zaga gabas da yamma, ƙasa da sauran laima. Babu sawun kofato, babu kashin shanu.

Ba a ƙofar gida ake ajiyewa ba. Inna takan wanke ƙwarya ta kife a tsohon turken Baba, a cikin gida, bayan rumbu. Ranar Asabar na zauna na tsare ta da ido tun sallar asuba har rana ta fito sarai. A kife take. Na tashi na sauke tukunyar da ke tafasa, na juyo. A cike, da faifai a kai.

Jiya na ɓoye ƙwaryar a jakata. Da safe madarar tana cikin jug ɗina, wanda na kwana da shi a ɗaki.

Hussaina ta makwabta ta kama hannuna a soro. "Malama Hafiza, don Allah kada ki tahi da Inna." Na ce ashe haka ake son Inna. Ba ta yi dariya ba, halinku ɗaya. Ta ce sau ɗaya tak ƙwaryar ta yini ba a ɗauka ba, ranar da Inna ta kwana asibiti a Faskari. A ranar aka ɗauke mijinta Maharazu a gona, tsakar rana. Ta kuma ce a da, rabin ƙwarya ake kawowa. Ta fara cika ne ana gobe zan zo. Yaya, ni da kai kaɗai muka san ranar zuwana.

A jami'a mun koyi cewa abu biyu su faru tare ba ya nufin ɗaya ne ya jawo ɗaya. Na so in faɗa wa Hussaina haka, sai na ga 'ya'yanta huɗu a bayanta.

Taka, Hafiza

Kankara, 13 ga Oktoba

Hafiza,

Assalamu alaikum. Ba na son ƙarin bayani. Uwa ɗaya ta rage mana. An share ɗaki, an shimfiɗa mata darduma. Juma'a da hantsi.

Jabiru

Daudawa, 15 ga Oktoba

Yaya,

Assalamu alaikum. A cikin mota nake rubutu, a kan gwiwata. Gide zai sauke ni inda zan hau motar Sabuwa, ya kawo maka wannan. Kujerar gaba babu kowa.

Jiya na karanta wa Inna wasiƙarka ta farko, har wurin wankan Baba. Ta saurara tana tsince wake. Ta ce, "Jabiru yana tsammani na haukace? Ni na yi takaba. Na san mijina ya mutu."

Na ce to wane ne?

"Ban sani ba, ɗiyata. Ban kuma nema ba. Wanda duk yake kawowa, yana ajiyewa ya juya. Ran da ya tarar ba a ɗauka ba, shiga gidaje zai yi neman dalili. Gida tara ne a layin nan. Ni tsohuwa ce, ɗaukar ƙwarya bai fi ƙarfina ba."

Na ce 'yan sa-kai fa? Ta ce in sun zo za ta ba su shayi.

Na kwana da niyyar zama tare da ita, na rantse maka. Wajen asuba na sake shawara, ni kaɗai, ban buɗe baki ba. Da rana ta fito Inna ta ɗauko ƙwarya ta buɗe faifai, muka duba tare. Madarar ta koma rabi.

"To," in ji ta, "an sallame ki."

Ita ta ɗauko mini jaka, ta rako ni soro, ta ce in gaishe da yara. Ka yi fushi da ni yadda kake so, ina Sabuwa. Na fito, ta mayar da ƙofa. Na tsaya a waje ina jiran in ji ta sa sakata. Har Gide ya yi oda sau uku ban ji ba.

Hafiza