Filashin da Ba a Ɓare Ba

Zuwa ga Autana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ya aiki? Tela maƙwabciyarmu ce ke rubuta mini, ina faɗa tana sawa.

Ruwa ya yi mana ɓarna. Rufin falo ya yi yoyo daidai kan kwamfutar marigayi babanku, yanzu ko an danna ba ta ko tari. Yayarka ta zo tana ta salati, wai muryar Malam da hotunansa duk sun tafi. Na ce ta kwantar da hankalinta, ai Auta ya kwashe komai ya zuba a ɗan abin nan kamar yatsa da kuke cewa filashi. Yana ƙasan akwatina, a ledarsa yadda ka miƙo mini. Ko jikoki ban bari sun taɓa ba. Gobe za mu kai wa mai gyara kwamfutar.

Allah ya yi maka albarka.

Innarka

Auta,

Ina gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Yau yayarka ce ke rubutu, na ce kada ta gyara mini magana, kada ta ƙara tata.

Mun je. Mai gyara ya buɗe kwamfutar, ya ce cikinta ya ƙone, babu abin da zai fito. Sai na ciro filashin, har ina yi masa kashedi ya bi a hankali da ledar da ɗana ya liƙe. Ya juya shi, ya sake juyawa, ya kasa kallona. Wai liƙin na kamfani ne, tun daga shago ba a taɓa ɓare shi ba. Na ce ƙarya yake. Ya yanka da almakashi a gabana, ya soka a tasa na'urar. Fayau.

Ranar da ka ba ni, sai da na tambaye ka ko har da muryar nan ta Malam inda yake dariya yana tsokanata a kan shayin da na cika wa sukari. Kana ɗaure takalmi ka ce har da ita. Da ka ce ba ka samu lokaci ba, ai da na sa wani ya yi. Ni da ban san ko alif ba, maganar wa zan kama in ba taka ba?

Ba zan yi maka baki ba. Tsoro nake ji. Yau da safe na zauna in tuno yadda Malam yake kirana daga bakin ƙofa. Na yi, na yi, muryarka ce ke zuwa a wurin tasa.

Ka gaida yara.

Innarka