Ɗigon Fensirin Uwar Ɗakina

Yaya,

Ƙaninka ne ke gaisuwa. Yaya Inna da ƙafarta, ya yara? Ni lafiya lau, tarin ma ya kusa barina.

Ku taya mu murna, gidan baje zane-zanen hotuna da nake wa dako ya samu sabon shugaba mai zafin nama. Zane arba'in yake sa mu rataye kafin azahar, kamar masu shanya wanki.

Uwar ɗakina ya gada, wadda mota ta kaɗe a kan kekenta watan jiya, Allah ya jiƙanta. Yaya, na ci kasuwa iri-iri, ban ga mai ido irin nata ba. A kan zane ɗaya sai ta wuni da mu: “Ɗan kasuwa, ɗaga shi faɗin yatsa. A'a, yatsana, ba naka ba!” In ya zauna, ta ɗiga fensir a bango, ta ja ni baya in duba. Wallahi har na daina tambayar farashi.

Bangon ƙarshe duk ɗigonta ne, ba ta kai ga ratayewa ba. Sabon ya ce datti ne, ya miƙo min fenti. Kwana uku ina cewa buroshi ya ɓace. Gobe kuwa, in ji shi, ko farin bango ko takardar sallama, kuma izinin zamana a ƙasar nan da aikin nan yake rataye.

Kada Inna ta ji, addu'a dai. Kai da ka san ni tun a kasuwa, buroshi nawa mutum zai ɓatar kafin a gano shi?