Gaisuwar da Ta Kori Yaranmu Daga Ɗakin Gwaji

Zuwa ga Likita, shugaban asibitin unguwarmu da ke Azare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara taimako.

Sunana Haruna, tela ne ni. Shagona yana bakin hanyar da ke shiga asibitinku, kuma da wuya a samu farar riga a wurinku da ban taɓa rage mata hannu ko sa mata maɓalli ba. Ban saba rubuta wasiƙa ba, balle wadda jama'a za su karanta. Na yi ta a buɗe ne saboda akwai wani yaro a garin nan da nake so maganar ta kai kunnensa, alhali ban san sunansa ba, ban san gidansu ba. Zan zo kansa. Ɗana Sadiku, wanda abin ya faru a kansa, ya karanta kowane layi kafin in aiko, ya kuma amince.

Na ɗaya, yadda abin ya faro. Sadiku yana aji biyar a sakandare. A zangon karatun da ya wuce, shi da abokansa suka kafa ƙungiya a makaranta, suna kiran 'yan uwansu matasa su je a gwada jininsu da fitsarinsu, saboda ciwon sanyi da ƙanjamau da sauran cututtukan da ake ɗauka ta wajen kwanciya. Da ya fara gaya mini, ban ko ɗaga ƙafa daga kan keke ba. Na ce masa yaron da har yanzu uwarsa ke tashinsa sallar asuba, shi ne zai yi wa gari wa'azin lafiya? Ya yi dariya ya tafi. A shagona suka yanka ƙyallayen da suka rubuta kiransu a kai, da almakashina, har suka dakusar mini da shi. Kai kuma, Allah ya saka maka, ka karɓe su hannu biyu, ka ware musu ranar Laraba bayan an tashi makaranta. Daga inda nake zaune ina ganin wucewarsu, bibbiyu, uku-uku, wasu suna dariyar ƙarfin hali, wasu kai a sunkuye.

Na biyu, abin da ya faru. Wata safiya muka je suna a maƙwabta. Muna zaune kan tabarmi ana raba goro, sai ga wani dattijo cikin ma'aikatanka, wanda muke sallah sahu ɗaya shekara da shekaru. Ya miƙo mini hannu da fara'a, ya ce, “Malam Haruna, ya jikin Sadiku? Na gan shi wurinmu ran Laraba, a ɗakin gwaji. Allah ya sawwaƙe.” Babu wanda bai san ranar su wa ce Laraba ba, babu wanda bai san abin da ake gwadawa ba. Wani ya kawar da kai, wani ya ce amin a hankali.

Likita, na rantse mutumin nan bai nufe ni da sharri ba. Tarbiyyarmu ce ta yi magana a bakinsa. Mu a nan, in ka ga ɗan maƙwabcinka a asibiti ka haɗu da ubansa ba ka ce ya mai jiki ba, kai ne marar zumunci. Abin da iyayensa suka koya masa ya yi, kuma a kowane ɗaki na asibitinku gaisuwar nan alheri ce, ban da ɗaki guda. Amma magana zarar bunu ce.

Na uku, laifina, domin ba zan nuna ku da yatsa in ɓoye nawa hannun ba. Na bar wurin sunan ko addu'a ba a shafa ba. Na tarar da Sadiku a tsakar gida yana wanke takalmin makaranta, na mare shi a gaban ƙannensa. Ban tambaye shi komai ba. Ban taɓa ɗaga masa hannu ba tun yana ɗan firamare, kuma har yau ina jin zafin marin a tafina. Bai yi kuka ba. Ya dube ni kawai, ya ajiye takalmin. Kafin azahar ya hau mota ya tafi Gadau wurin kakarsa, mahaifiyata. Uwarsa ta yi kwana biyu tana ajiye mini abinci ba ta ce mini uffan ba.

Sai da na yi mako biyu girman kai yana cina kafin na bi shi. Hajiya ta tare ni tun daga zaure, ta wanke ni tas kamar ban haifi kowa ba. Ta ce da a ce ina yaro ta riƙa yi mini hukunci kafin ta ji ta bakina, da yanzu ba ni da kunnuwa. Na same shi a bayan gida yana ba awaki dusa, na zauna kan turmi, na ba shi haƙuri. Ban san uba yana iya jin nauyin ɗansa haka ba sai ranar.

A nan ya gaya mini abin da ya kai shi ɗakin. Akwai wani abokinsa da ya daɗe yana fama da zafin fitsari, yana ta shan jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin kemis a ɓoye, tsoro ya hana shi zuwa asibiti. Sadiku ya yi ta lallashinsa, har yaron ya ce wanzami ba ya son jarfa, in da gaske yake ya fara miƙa nasa hannun. Shi ne suka tafi tare, aka fara ɗiban jinin ɗana, sannan na abokin. An ce su dawo Laraba mai zuwa su karɓi sakamako. Kafin Larabar ta zo, labarin gaisuwar suna da marin da na yi ya zaga makaranta. Abokin bai koma ba. Har yau bai koma ba.

Na ce ya gaya mini ko ɗan wane ne, in san yadda zan taimaka. Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ko za ka ƙara marina, ba zan faɗa ba. Amana ya ba ni.” Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, amma ranar a kan turmi nake, ɗan shekara goma sha bakwai yana koya mini riƙon amana. Na yi alfahari da shi, na kuma ji kunyar kaina.

Na huɗu, halin da ake ciki yanzu. Sadiku ya dawo gida, ya koma makaranta, mun shirya. Amma ka duba littafinku na ranar Laraba. Ni ba na bukatar littafi, ƙofar shagona ta ishe ni: yaran sun daina wucewa. Waɗanda suka yi ta yawo aji-aji suna cewa babu wanda zai ji, su ake yi wa dariya yanzu. Kuma ba gaisuwar kaɗai ba ce. Ɗakin gwajin yana kallon bencin da mata ke jiran awo, ƙofarsa a buɗe, duk yaron da ya shiga sai ya ratsa idon gwaggonsa ko maƙwabciyarsu. A wurin yankar kati kuma, tambayar farko ita ce ɗan gidan wa, da murya kamar ana kiran fasinjan Jama'are a tasha.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kaɗan. Kada a hukunta dattijon nan, ina roƙo don Allah. Ya zo har shagona ya ba ni haƙuri da hawaye a idonsa, kuma wanda ya mari ɗansa ba shi da bakin neman a kori wani. A zaunar da ma'aikata duka, har da masu shara da maigadi, a gaya musu cewa wanda aka gani a ɗakin nan ba a gan shi ba, ba a gaida ubansa da jiki, ba a aika masa da sannu. A ba yaran lamba maimakon kiran suna da sunan uba. A buɗe musu ƙofar baya da ke wajen rijiya. Takardun sakamakon da ba a karɓa ba kuma a adana su, kada wani mai son alheri ya ce bari ya kai gida ya hutar da yaro. Na auna ƙofar ɗakin da ido, na ɗinka mata labule mai kauri, yana nan a ninke a shagona, a aiko a ɗauka. Labule dai na iya ɗinkawa, na baki kuwa sai ku.

Yanzu ka ba ni dama, Likita, in yi magana da yaron da na ambata da farko.

Ɗana, ban san ka ba. Wataƙila kana cikin masu gaishe ni kullum da safe, wataƙila ni na ɗinka wandon da ke jikinka. Duk yaron da ya wuce sai in bi shi da kallo, sai kuma in tuna ba hurumina ba ne, in mayar da idona kan allura. Ni na tsorata ka, ka yafe mini. Abokinka bai faɗi sunanka ba, ba kuma zai faɗa ba. Ka koma ka karɓi takardarka. In ciwo ne, akwai magani da shawara a wurin masu ilminsa, kuma wanda aka tara da wuri ya fi sauƙi. In ba komai, ka samu barci. Daga Larabar nan, da zarar an tashi makaranta zan rufe shagona in juya can bakin kasuwa, ba zan dawo ba sai an kira la'asar. Ka wuce abinka, babu tela a hanya.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, Likita, ya sa albarka a hannunka da na ma'aikatanka, ya rufa mana asiri, mu da 'ya'yanmu baki ɗaya.

Wassalam.

Naka,
Haruna Tela, mahaifin Sadiku,
Azare.