Tsakanin Yi da Iya

Maiduguri, 9 ga Afrilu

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Umma da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar? Umma ta ce ka daina shafa maganin saboda warinsa, kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana shaƙar hayaƙin igwa. Ni lafiyata ƙalau, sai zafin garin da ya kankama.

Na koma rubutu ne domin waya ba ta yi mana. Kunnenka ba ya ji sai an ɗaga murya, maganar da nake da ita kuwa ba ta ɗaga murya ba ce. Malam Hashim direba zai miƙa maka hannu da hannu.

Ka san aikina a nan. Na yi digiri a kan Hausa, aka maƙala mini anini biyu na Laftana a kafaɗa, aka ce in riƙa koya wa ƙananan sojoji ɗabi'un da aikin ya ginu a kansu. Suna nan a rubuce da farin fenti a bangon filin fareti: biyayya, gaskiya, jarumta, da'a, sadaukar da kai, mutunta jama'a. A bango suna tsaye cikin layi, babu mai taka ɗan'uwansa. Duk ranar Alhamis nakan karanta, yara su maimaita, rabinsu suna gyangyaɗi. Ban taɓa zaton wani yana saurare ba.

Akwai wani Kofur Jona, mutumin kudancin Borno, dogo, mai shiru, wanda yake riƙe da bindiga mai jigida a ɗaya daga cikin ƙofofin ramin da ya zagaye gari. Ta wannan ƙofa matan sansanin gudun hijira suke fita neman itace da safe, su dawo kafin a rufe. Dokar wurin ita ce, in an rufe, duk wanda ya doso a tsayar da shi da baki, in bai tsaya ba a tsayar da shi da harsashi. Kada ka ce dokar ba ta da dalili. A bara wata yarinya mai damin itace a ka ta tashi da bam a tsakiyar sojoji a wurin, kuma Manjo Tahir, mai kula da ƙofar, da hannunsa ya tattara gawarwakin yaransa sojoji a cikin bargo.

Makon jiya, gab da magariba, wasu mata suka makara. Suka taho a guje da itacensu. Aka yi musu tsawa da Hausa, aka yi da Turanci, su kuwa mutanen ƙauye ne, Kanuri kawai suke ji, kuma abin da suke tsoro yana bayansu. Manjo ya ba Jona odar harbi. Jona ya ba shi amsa da Hausa, ya ɗauke hannuwansa daga bindigar, amma bai sauka daga kujerar ba, don kada wani ya hau. Masu ƙananan bindigogi suka dube shi, su ma ba su harba ba. Matan suka iso, aka caje su. Itace ne, da gatari, da jariri.

Babu wanda ya mutu, Baba, kuma abin da ya rikita kowa ke nan. Da bam ya tashi, da an san Manjo ne da gaskiya. Da an yi harbi, da an rubuta cewa mutanen daji ne, an wuce wurin. Yanzu ga mata da rai, ga oda da aka ƙi bi a gaban yara, ga Jona a tsare a gadirum.

An kafa kwamitin bincike. Shugabansa wani Kanar ne daga kudu wanda ba ya jin Hausa, don haka ni ce tafinta. Jiya Manjo Tahir ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi, ya yi ta tambayata a kan karin harshe kamar mai shirin jarrabawa. Daga baya ya zo kan magana. Ya ce a cikin ƙarar inji abin da shi ya ji daga bakin Jona shi ne "ba zan iya ba". Wasu yaran kuma sun ce "ba zan yi ba" suka ji. Ya ce mutanen ƙasarsu Jona Hausa aro ce a bakinsu, sukan haɗiye wasali, kuma ni ce mai digiri, kwamiti abin da na faɗa zai rubuta.

In "iya" ce, mutum ya gigice, likita zai sa hannu, a sallame shi ya koma gida wurin 'ya'yansa, kuma babu mai tambayar ko odar daidai ce. In "yi" ce, ƙin bin umarni ne a bakin daga, sai kotun soja, kuma kai ka fi ni sanin inda wannan hanya take iya ƙarewa.

Manjo bai yi mini barazana ba. Ya ma raka ni har bakin ƙofa. Na fi son a ce ya yi.

Kai ka yi Samanja, ka hora ɗaruruwan irin Jona. Ka gaya mini abin da ka gani. A gaida Umma, a ce mata yajin ya iso.

'Yarka,
Rumaisa'u

Maiduguri, 21 ga Afrilu

Babana,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana lafiya, da Umma, da kowa. Na ji daɗi da ka koma shafa maganin, ko da don kunyata ne.

Amsarka ta iso, na karanta ta a tsaye a tasha. Na zaci za ka cika shafi da zancen horo da biyayya, kamar yadda ka cika mana kunne muna yara. Sai ga layi uku. Ka ce in ce "iya". Ka ce ka taɓa tsayawa a wurin da aka zartar wa soja hukuncin kisa, kuma babu wata kalma a duniya da ta kai wannan safiyar tsada. Ban san ka taɓa gani ba. Ban kuma san mutumin da ya zane ni saboda na ce na yi sallar la'asar alhali ban yi ba, zai ce in yi ƙarya bayan na ɗaga hannu na rantse.

Ba kai kaɗai ba ne. Matar Jona, Rebeka, tana soya ƙosai a kasuwar bariki. Ban san wanda ya gaya mata ba, amma a bariki sirri yakan riga mai shi isa kasuwa. Ta bi ni har bakin titi ina jiran keke, ta durƙusa a cikin ƙura da goyo a baya. Ba ta yi kuka ba. Ta ce ita ta san mijinta, taurin kai gare shi kamar jakin dawa, ko a gida in ya ce a'a sai dai a sake dabara. Ta ce in taimaka mata in fi shi wayo sau ɗaya. Ta kira ni antin yara. Tun daga ranar kullum sai na tarar da ƙosai a ƙunshe a kan teburina, na kasa ci, na kasa mayarwa.

Na nemi izinin ganin Jona, da hujjar in saba da karin harshensa. Hausarsa, Baba, ta fi ta wasu ɗaliban ajinmu. Ya miƙe ya sara mini da wandon da aka cire wa bel. Na shimfiɗa masa hanyoyin biyu a hankali, kamar yadda aka shimfiɗa mini. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce shi bai gigice ba. Ya ce hannunsa bai yi rawa ba, ya ga matan sarai, ya ga yadda mai ciki take gudu, ya auna, ya ƙi. Ya ce in aka rubuta cewa ya ruɗe, to an rubuta cewa mai hankali harbi zai yi, kuma yaron da aka ɗora a kujerarsa yana jiran ya ji wanne aka rubuta. Na tuna masa da yarinyar bara. Ya ce yana wurin, shi ya riƙe wa Manjo ɗaya gefen bargon, kuma ya san wata rana zai iya yin kuskure ya jawo a kashe 'yan'uwansa. Ya ce ya yarda a hukunta shi a kan ya ƙi, bai yarda a tausaya masa a kan abin da bai same shi ba.

Da zan fita ya tuna mini cewa ni na koya musu a darasin Alhamis wai soja ba ya juya bindiga kan wanda aka aiko shi ya tsare. Na faɗa kuwa. Yana cikin littafin da aka ba ni, shafi ɗaya da wanda ya ce oda ba a muhawara da ita. Ashe a cikin masu gyangyaɗin akwai mai saurare, kuma ga inda sauraron ya kai shi.

Barikin ya yi wani irin shiru. In na shiga ɗakin cin abinci na hafsoshi hira takan koma kan ƙwallo. Ƙananan sojoji kuma sun fara sara mini da wani ƙarfi da ban saba gani ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Kowane ɓangare ya ɗauka ya san abin da zan faɗa.

Na yanke shawarar bin maganarka. Mutum da rai ya fi mutum da gaskiya a bayan kanta, haka nake gaya wa kaina safe da yamma. Kwamiti zai zauna jibi a wani ofishi a GRA. Ka sa ni a addu'a.

Taka mai biyayya,
Rumaisa'u

Maiduguri, 15 ga Mayu

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Umma, ina fata kuna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkirin. Malam Hashim ya zo ya koma sau biyu, ban ba shi komai ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Ban bi maganarka ba.

Na shiga ɗakin da "iya" a bakina, Allah ne shaida. Har na tanadi bayanin masana a kan yadda wasali yake ɓacewa a bakin wanda Hausa ba harshen uwarsa ba. Manjo Tahir ya ba da shaidarsa cikin natsuwa, bai ƙara wa Jona ko laifi ɗaya ba. Sai aka shigo da Jona. Kanar ya ce ya maimaita ainihin abin da ya faɗa a ranar. Jona bai dubi Kanar ba, ni ya duba. Ya faɗe ta gaɓa gaɓa, kamar ɗan aji ɗaya a gaban allo: ba, zan, yi, ba. Babu wasalin da ya ɓace. Kanar ya juyo gare ni da biro a hannu, na ji fankar sama tana juyawa, sai na ji bakina ya mayar da ita Turanci yadda take. Ya tambaye ni ko kalmar tana iya nufin kasawa. Na ce a'a.

Kada ka ɗauka jarumta ce. Na yi ta bincikar kaina ban samo ta ba. Wataƙila girman kan mai digiri ne da ya ƙi a ce "yi" tana nufin "iya". Abin da na sani kawai, maganar tasa ce. An kwaɓe masa bindiga da bel da igiyoyinsa biyu na kofur, ita kaɗai ta rage masa, kuma aka ce ni in karɓe ta don amfanin kansa. Hannuna ya ƙi miƙuwa.

Da muka haɗu da Manjo a baranda ya amsa sarawata daidai yadda doka ta ce, ya wuce. Kwamiti ya rubuta cewa a sake duba dokar ƙofar, ya kuma rubuta cewa a gurfanar da Jona. Na biyun an riga an sa masa rana. Na farkon yana kan wani tebur. Matan suna fita neman itace kamar kullum, kuma ban san abin da yaron da ke kan bindigar yanzu ya fahimta ba.

Rebeka ba ta zage ni ba. Na bi ta kasuwa da gangan don in ba ta dama. Ta ɗago ta dube ni, ta ce sannu da aiki Laftana, ta ci gaba da juya ƙosanta. An ba su wa'adin barin ɗakin bariki, za ta koma wurin wata 'yar'uwarta a unguwar Mafoni da yaran.

Kotun soja za ta fara zama bayan sallah. Lauyan da aka ba shi ya ce ana iya samun sassauci tunda ba a rasa rai ba, amma da yake faɗa takardunsa yake kallo. Na nemi a sauya ni, aka ce babu wani mai takardar Hausa a kusa, kuma Kanar ya yaba da aikina ƙwarai, har ya rubuta cewa ni tafinta ce abin dogaro. Jona ma ya aiko a gaya mini shi ba ya son kowa sai ni.

Don haka ni zan tsaya kusa da shi ranar yanke hukunci. Za a karanta da Turanci, irin na shari'a wanda ba ya kamawa, ni zan riga shi ji, shi kuma fuskata zai kalla kafin in buɗe baki. Kai ka taɓa tsayawa a irin wurin. Ba shawara nake nema ba wannan karon, ta wuce. Ka rubuto mini kawai inda mutum yake ajiye idonsa.

A gaida Umma. Kada a gaya mata.

'Yarka,
Rumaisa'u