Kwanon da Ya Fi Ni Murya

Zuwa ga shugaban aikin gyaran tsohon masallacin Juma'a na birnin Sakkwato, ma'abocin himma, Allah shi daɗa maka ɗaukaka.

Gaisuwa mai ƙamshi kamar ƙasar da ta sha ruwan fari, tare da girmamawa da fatan lafiyarka da ta iyalinka. Bayan haka, ni ne Umaru ɗan Ladan Sambo na Ƙofar Taramniya, mai isar da kabbarar liman ga sahun baya. Na aiko maka wagga takarda, na kuma sa a karanta irinta a ƙofar masallaci, domin a bainar jama'a aka zarge ni, a bainarsu ya kamata in wanke kaina.

Na farko. Ka san wanga masallaci tun kafuwar gari yake. Da tubali aka tashe shi, aka jera ginshiƙai masu kauri kamar kukoki, aka shimfiɗa azarar giginya, aka rufe da ƙasa. Ginin nan yana ba da inuwa da sanyi, amma ginshiƙansa suna haɗiye muryar liman kafin ta kai rabin tafiya. Saboda haka magabata suka tsayar da mutum a gindin ginshiƙi na bakwai daga alƙibla, ya karɓi kabbara ya miƙa ta baya. Kakan mahaifina, wanda ya ɗauki tubalin ginin a kansa, shi ya fara tsayawa nan. Kafaɗunmu, mu huɗu bi da bi, sun goge shafen makubar da ke jikin ginshiƙin har yana sheƙi. Shekarata goma sha tara a gindinsa, ban taɓa barin sahu ko ɗaya a baya ba.

Na biyu. Da rani gara ta ci azarar kusurwar yamma, rufin ya lotsa. Al'adarmu a nan sananniya ce: a yi shela, kowace unguwa ta fito da rabonta, masu azara su kawo, masu kwaɓa su kwaɓa, mata su aiko da fura. Kai kuwa sai ka rufe wurin da kwanon da raƙuma suka ɗauko daga Kano, irin wanda Nasara ke rufa bisa ɗakunan ajiyarsu. Ba zan zalunce ka ba: yoyo ya tsaya, kuma aikin kwana uku kacal ya ci. Ni kaina na tsaya ina kallon yadda yake walƙiya, har na fara ƙulla masa baitin yabo. Allah ya taimake ni ban ƙarasa ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon. Juma'a biyu da suka wuce, muna raka'a ta biyu, liman ya yi ruku'u, sai sama ta saki. Mu na ƙarƙashin ƙasa ba mu ji komai ba sai sanyi. Na ƙarƙashin kwanonka kuwa, kamar an tara makaɗan birni duka a kansu. Liman ya ɗago, na ɗaga murya. Ya yi sujada, na ƙara ɗagawa har jijiyar wuyana ta miƙe. Sahu uku na kusurwar yamma, waɗanda katanga da ginshiƙai suka tsare wa gani, ba su ji ko harafi ba. Suna nan duƙe muka yi sujada biyu, muka zauna, muka sallame. Malam Isa marini na Ƙofar Rini, dattijo mai tsoron Allah da ba ya ɗaga kai sai ya ji kabbara, yana ruku'u har mutane suka fara neman takalmansu. Sai da aka dafa shi sa'an nan ya ɗago. Yau kwana goma sha ɗaya ana gasa masa ƙugu, kuma su duka sai azahar suka rama.

A kan wannan na ce:

Rufin ƙasa, in sama ta zo baƙunci,
Yakan tarbe ta shiru, cikin mutunci;
Na kwano ko, ɗigo guda ya taɓa shi,
Ya tara gari da ihu, babu sassauci.

Na huɗu. Da aka watse, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi rufi; ni aka duba. A kasuwa ana cewa muryar ɗan Ladan ta tsufa. Mai ɗakina ta fara dama mini kunu da zuma da citta ba tare da na roƙa ba, wanda ya fi maganar kasuwa zafi. Yanzu kuma na ji dattawan masallaci za su zauna bayan Juma'a mai zuwa su duba ko za a sa wani a madadina. Ranka shi daɗe, muryar nan ita ce ake ji daga Ƙofar Taramniya in na kira tumakina. Ba ta tsufa ba. Abokin gasa aka kawo mata wanda ba ya numfashi.

Na biyar. An shaida mini kana nufin kai kwano kan masallacin duka, ka rushe ginshiƙai huɗu don a sami fili, na bakwai yana cikinsu. In aka yi haka, ranar ruwa ba sahu uku za a bari a duƙe ba, birni ne sukutum.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka dakatar da rushe ginshiƙan. Ka bari a yi shela bayan damina, unguwanni su mayar da azara da ƙasa. Mutanen Taramniya sun riga sun nuna giginyun da za su sara. Kwanon kuma a kai shi rumfar alwala, inda surutunsa ba zai ɓata wa kowa ibada ba. Sa'an nan ka gaya wa dattawa su jinkirta zamansu har a yi gwaji guda: duk Juma'ar da hadari ya haɗo, ka bar sahun gaba, ka zo kusurwar yamma ka tsaya ƙarƙashin aikinka. Ni zan yi kabbara daga ginshiƙina. In ka ɗago tare da liman, to kwanonka ba shi da laifi, na sauka da kaina, ba sai an zauna a kaina ba. Malam Isa ya yi alkawarin matsa maka wuri kusa da shi, ya kuma ce zai taho maka da sauran man da ake shafa masa.

Allah shi tsawaita kwananka, shi sanya albarka a hannunka, shi tsare maka ƙugunka, shi kuma sa duk sa'ad da aka yi kabbara ka ji ta.

Wassalam.

Umaru ɗan Ladan Sambo,
na gindin ginshiƙi na bakwai.