Famfon Mukayyif ɗin Hajj Usmanu

Asabar da dare, tsakiyar damina

Hannuna ya kumbura, da kyar nake riƙe alƙalami.

Da hantsi Hajj Usmanu mai dawa ya same ni a shagona na gyare-gyare, ya ci kwalata. "Ya usta, ka sace mini famfon mukayyif!" Jiya na gyara masa mukayyif ɗin, na'urar nan mai jiƙa ciyawa da ruwa ta sanyaya ɗaki. Na ce, "Hajj, kashe famfon na yi. Da damina iska a jiƙe take, in ka ƙara mata ruwa ɗakin zai koma tukunyar dambu." Kafin in rufe baki ya kwaɗa mini mari, hulata ta faɗa taɓo.

Shekara ashirin ina shiga gidajen garin Gadarif yin gyara, ba wanda ya taɓa ce mini ɓarawo. Na naushe shi a baki, haƙori ya fita, jini ya wanke masa jallabiya.

Gobe sai gaban alƙali, wataƙila bulala. Na yarda. An ce ɗansa ya tarar da famfon a cikin mukayyif ɗin, har ya kunna. To, su dahu. Wallahi ba ni zan kashe musu ba.