Ƙusoshi Huɗu da Tayil Ɗin Alhaji

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya haɗa mana na'urorin intanet a cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Funtua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, sunana Sanusi, mutumin Dayi, ni ke kula da ɗakin na'urorin cibiyar. Da hannun hagu nake buga wannan wasiƙa, harafi ɗaya-ɗaya, domin na dama yana naɗe kuma yatsu biyu kaɗai suka rage a jikinsa. Sau uku na rubuto ofishinka, shiru. Shi ya sa na fito fili, raina a ɓace.

Na ɗaya. Ranar da injiniyanka ya kawo doguwar durowar ƙarfen nan da muke kira rak, wadda ake jera na'urorin a cikinta, na ga ta fi ni tsawo kuma a kan tayoyi take. A ƙasanta akwai huji huɗu da aka yi don a ɗaure ta da daɓe. Alhaji mai ginin ya ce bai daɗe da shimfiɗa tayil ba, ba wanda zai huda masa. Injiniyanka bai ja ba. Ya yi dariya, ya tura guntayen katako ƙarƙashin tayoyin, ya kakkaɓe hannu. Na yi magana, ya ce in tsaya a matsayina.

Na biyu. Da damina ta kankama ruwa ya shigo ɗakin ta ƙasan ƙofa. Maimakon a toshe, sai mutanenka suka ɗauke batura masu nauyi daga ƙasan rak suka mayar da su can sama, wai kada su jiƙe. Haba yallaɓai! Ko mai lodi a kasuwar hatsi ya san ba a ɗora buhunan masara a bisa a bar buhunan ƙaiƙayi a ƙasa. Shi bai shiga jami'a ba, amma motarsa ba ta kifewa.

Na uku. Wata Talata da hantsi, a makon da aka fara karyar masara, na jawo wata na'ura daga saman rak don in share mata ƙura, yadda ake jawo aljihun tebur. Katakon ya zame. Durowar gaba ɗaya ta yo kaina. Na yi tsalle baya, amma ta cim ma hannuna, bakin ƙarfen ya danne shi da ƙasa. Da kunnena na ji ƙasusuwana suna karyewa. Baturi ɗaya ya dake ni a haƙarƙari har numfashina ya ɗauke. Maza huɗu suka ɗaga ta da ƙyar. Jini ya malale ɗakin, kuma mai gadi ne ya tsince yatsuna uku ya sa a leda ya biyo mu asibiti. Tayil ɗin da aka yi wa gata kuwa ya farfashe, kuma an canja shi tun kafin a cire mini zaren ɗinki.

Na huɗu. Ina kwance injiniyanka ya zo da takarda, an rubuta sakacin ma'aikaci, wai in sa hannu. Wane hannun? Yayana Malam Hadi ya shaƙe masa wuya ya buga shi da bango, sai da ma'aikatan jinya suka ɓanɓare shi. Ba na alfahari da haka, amma ba zan yi maka ƙarya ba: da ina iya tashi, da ni zan riga shi. Masu zuwa dubiya suna cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara, amma wannan ganganci ne, kuma mutum ne ya tura katakon nan.

Na biyar, kuma shi ya hana ni sukuni. Jiya na leƙa cibiyar. An tayar da rak ɗin, batura suna sama, an sa mata sababbin guntayen katako. Baba Asabe mai shara, dattijuwar da ke riƙon jikoki uku, kullum da safe sai ta duƙa a gindinta da tsintsiya. Ni na iya tsalle. Ita da ƙyar take miƙewa.

Ga abin da nake nema. A janye takardar da ta ɗora mini laifi. A sauko da baturan ƙasa, a toshe ƙofar. A huda daɓen a ɗaure rak ɗin, a kuma duba duk inda mutanenka suka kafa irinta daga nan har Malumfashi.

Na sayo ƙusoshi huɗu masu noti, suna hannun mai gadi. Idan Juma'a ta wuce ba a ɗaura su ba, zan zo da guduma in fasa tayil ɗin Alhaji da hannun da kuka bar mini, sai ku kira 'yan sanda.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare maka gaɓoɓinka, kada ya nuna maka ranar da za a miƙo maka naka a leda.

Wassalam.

Sanusi, ma'aikacin ɗakin na'urori.